Tunatarwa ɗaya ta tafi sau uku: ina gyaran yake, a layin ko a aikin?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu wannan zaure. Ina da wata matsala da na shafe mako biyu ina juya ta, kuma na ga gara in kawo ta gabanku tun kafin in ƙara dagula abin da ya rage. Manhajar da nake kula da ita da Django aka rubuta ta, wato tsarin gina manhajar yanar gizo, Gunicorn ne sabar da take gudanar da ita, Nginx kuma yana gabansa yana karɓar buƙatun masu amfani yana miƙa masa. Akwai maɓallin da mai amfani yake dannawa domin a haɗa masa rahoton wata a fayil ɗin PDF, a kuma aika masa ta imel. Da farko duk wannan aiki a cikin buƙatar kanta yake gudana, wato mutum ya danna ya zauna yana kallon allo har a gama. Da bayanai suka yi yawa sai haɗa rahoton ya fara wuce daƙiƙa 30, wanda shi ne wa'adin da Gunicorn yake ba ma'aikacinsa idan ba a taɓa saitin ba, sai ya kashe ma'aikacin, mai amfani kuma ya ga kuskuren 502. Na ɗaga wa'adin, sai Nginx ya yanke a nasa wa'adin na daƙiƙa 60 ya nuna 504.

Daga nan ne na mayar da aikin bayan fage da Celery, manhajar da take raba ayyuka ga ma'aikatanta, na sa Redis a matsayin dillalin saƙo, wato mai riƙe layin ayyukan har ma'aikaci ya ɗauka. Shafin yanzu yana amsawa nan take, amma sababbin matsaloli uku sun fito. Wasu ayyukan suna faɗuwa da cewa ba a samu rahoton a rumbun bayanai ba, alhali idan na duba da hannuna yana nan. Wasu kuma suna ɓacewa ba labari a duk ranar da muka ɗora sabon kod. Wanda ya fi damuna shi ne saƙon tunatarwa da na tsara ya tafi bayan awa uku, domin akwai wanda ya same shi sau uku a jere, ya kuma rubuto mana cikin fushi. Shin Redis ne bai dace da wannan aiki ba?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ni a ganina Redis ba a yi shi domin riƙe amanar saƙo ba, asalinsa ma'ajiya ce ta wucin gadi da take zaune a memori. Da ni ne da na sauya dillalin, na koma Kafka gaba ɗaya, tunda yana rubuta komai a faifai, kuma ana iya komawa baya a sake karanta saƙon da ya wuce. Idan kuma ba a son ƙarin nauyi, me zai hana a bar Django a koma takwaransa FastAPI a yi amfani da ayyukan bayan fage da suke zuwa tare da shi, ba dillali ba komai?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga sauya kayan aiki, ina ganin ya kamata a raba matsalolin nan uku, domin kowace da tushenta, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da sauya dillali kaɗai zai kawar.

Ta farko, wadda aikin yake cewa bai ga rahoton ba, tsere ne tsakanin ma'aikacin Celery da rumbun bayanai. Ina kyautata zaton buƙatarka tana gudana ne a cikin ma'amala guda ta rumbun bayanai, wato rubuce-rubucen da suke tabbata tare ko su warware tare, ka ƙirƙiri layin rahoton a teburinsa, nan take ka tura lambarsa zuwa Redis, alhali ma'amalar ba ta kai ga tabbata ba tukuna. Redis yana da sauri ƙwarai, saboda haka ma'aikacin yakan ɗauki saƙon ya je neman rahoton kafin PostgreSQL, wato rumbun bayananka, ya hatimce abin da ka rubuta, kuma a idon kowane haɗi na daban wannan layi bai wanzu ba. Lokacin da kai ka zo dubawa da hannu an riga an tabbatar da shi, shi ya sa kake ganin kamar aljanu ne suke wasa da kai. Django yana da transaction.on_commit tun fitowar 1.9 domin wannan daidai: ka sa turawar a ciki, ba za a tura ba sai ma'amalar ta tabbata, idan kuma ta warware ba za a tura ba sam.

Ta uku, wato tunatarwar da ta tafi sau uku, ita ma sananniya ce. Redis, yadda Celery yake amfani da shi, ba shi da tsarin shaidar karɓa irin na dillalin RabbitMQ, don haka Celery yake kwaikwayonsa da wa'adin ɓoyewa: idan ma'aikaci ya ɗauki saƙo bai ba da shaidar ya gama da shi ba har wa'adin ya cika, sai a ɗauka ya mutu, a mayar da saƙon layi domin wani ya ɗauka. Wa'adin nan awa ɗaya ne idan ba a canza shi ba. Aikin da ka tsara bayan awa uku kuwa ma'aikaci yakan ɗauke shi tun da wuri ya riƙe a memorinsa yana jiran lokaci. Bayan awa ɗaya sai a ga shiru, a sake miƙa shi, bayan wata awar a sake, lokacin da awa uku ta cika kuma duk kwafin da ake riƙe da su su gudana. Ka ga lissafin ya yi daidai da abin da mutuminka ya gani.

Baban Ummi:
Allah ya saka da alheri, Malama. Na duba yanzu, kuma tabbas ATOMIC_REQUESTS, mai sa kowace buƙata cikin ma'amala guda, a kunne yake a saitinmu, ni kuma ina kiran aikin a tsakiyar buƙatar. Game da wa'adin ɓoyewa, ashe sai in ɗaga shi ya wuce awa uku kawai?

Maman Sadiq:
Za ka iya, amma da tsadarsa. Idan ka mayar da shi awa huɗu, to duk aikin da ma'aikacinsa ya mutu da gaske sai ya jira awa huɗu kafin a sake miƙa shi, ka magance maimaici ka sayo jinkiri. Abin da na fi so shi ne kada a bar wa dillali riƙon aikin da lokacinsa yake da nisa. Ka buɗe tebur a rumbun bayanai mai ɗauke da tunatarwar da lokacin da ya kamata ta tafi, sannan wani ƙaramin aiki mai zagayowa duk minti ɗaya ya duba waɗanda lokacinsu ya yi ya tura su layi. Ƙarin amfaninsa shi ne idan mai amfani ya soke abin da ake tunatar da shi a kai, goge layi ɗaya kawai za ka yi, ba sai ka bi saƙon da yake maƙale a memorin wani ma'aikaci ba.

Abu Hafsa:
Bari in ɗauki ta biyu, tunda ɗora kod da sake tayar da sabar su ne aikina na kullum. Celery, idan ba ka ce masa komai ba, yana ba da shaidar karɓa ne kafin ya fara aikin, ba bayan ya gama ba. Ma'anar haka ita ce da zarar ma'aikaci ya fara haɗa rahoton, dillali ya riga ya manta da saƙon, kuma idan aka kashe ma'aikacin a tsakiya babu wanda ya san an taɓa neman wannan rahoto. Yanzu ka duba yadda kuke ɗora kod. Idan a Kubernetes kuke, wato tsarin da yake tayar da kwantenonin da manhaja take gudana a ciki, ana aika wa kwantena SIGTERM, siginar neman ta rufe, a jira daƙiƙa 30, sannan a bi shi da SIGKILL wanda ba ya sauraron roƙo. Celery yana girmama SIGTERM, yana daina karɓar sabon aiki ya yi ƙoƙarin ƙarasa na hannunsa, amma rahotonka da kanka ka ce yana wuce daƙiƙa 30. Kenan duk rahoton da ɗorawa ta riska a tsakiya ya tafi.

Gyaran yana da ɓangare biyu. Ka tsawaita wa'adin jiran ya fi aikinka mafi tsawo, ka kuma kunna acks_late domin shaidar ta koma bayan kammalawa. Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: ko da acks_late a kunne yake, idan ɗan ma'aikacin da yake gudanar da aikin ne kaɗai ya mutu, misali tsarin ya kashe shi saboda ya cinye memori, Celery yakan ba da shaidar duk da haka, sai ka kunna task_reject_on_worker_lost. Da gangan suka yi haka, domin aikin da yake kashe ma'aikaci idan aka mayar da shi layi zai kashe na gaba, ya kashe na bayansa, har ya share su duka.

Tsohon Injiniya:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma bayanan Malama da na Abu Hafsa daidai ne. Sai dai ina so Baban Ummi ya lura da inda shawarar ƙarshe ta kai shi, domin a nan ainihin maganar take. Da ka kunna acks_late ka fita daga duniyar da aiki yake iya ɓacewa, ka shiga duniyar da aiki yake iya gudana sau biyu. Ma'aikaci ya haɗa rahoto, ya aika imel, kafin ya ba da shaida wuta ta ɗauke ko haɗinsa da dillali ya yanke. Dillalin ba shi da hanyar sanin ko an gama ko ba a fara ba, shiru kawai ya ji, kuma shirun wanda ya gama da shirun wanda ya mutu iri ɗaya ne. Zaɓi biyu ne a gabansa, ya sake miƙawa ko ya bari, babu na uku. Wannan ba naƙasar Redis ba ce, haka RabbitMQ yake, haka layin SQS na Amazon yake, wanda shi ma yake da wa'adin ɓoyewa na daƙiƙa 30 idan ba a canza ba, kuma takardunsa sun faɗa ƙarara cewa layinsa na gama-gari yana iya kawo saƙo fiye da sau ɗaya.

Ɗan Auta, ɗana, Kafka kayan aiki ne mai kyau, LinkedIn ne suka gina shi suka sake shi ga jama'a a 2011, amma an yi shi ne domin kwararar bayanai masu yawa da masu karatu daban-daban suke bi a jere. Alƙawarin da yake yi na sarrafa saƙo sau ɗaya tak yana aiki ne idan daga Kafka ka karanta kuma cikin Kafka ka rubuta. Da zarar aikinka ya miƙa hannu waje ya taɓa sabar imel, alƙawarin ya ƙare a bakin ƙofa. Ayyukan bayan fage na FastAPI kuwa a cikin furoses ɗin da ya amsa buƙatar suke gudana, babu inda aka rubuta su, saboda haka matsalar ɓacewa lokacin ɗora kod za ta dawo ne da ƙarfinta.

Abin da ya rage shi ne a rubuta aikin ta yadda maimaita shi ba zai ƙara komai ba. Na taɓa aiki a wani wuri inda aikin bayan fage yake ƙara wa abokin hulɗa maki a asusunsa, an rubuta shi da cewa a ɗauki abin da yake ciki a ƙara kaza. Wata rana haɗin dillali ya yi ta yankewa cikin dare, da safe muka tarar wasu asusun an ƙara musu sau biyu, wasu sau uku, muka kwana biyu muna bin rajistar aiki layi-layi muna cirewa da hannu. Gyaran da muka yi bai kai layi goma na kod ba: kowane ƙari muka ba shi lambarsa ta musamman tun lokacin da aka nema, muka sa ƙa'idar hana maimaici a kan wannan lamba a teburin, ƙarin da rubuta lambar kuma suka shiga ma'amala ɗaya. Idan saƙon ya dawo karo na biyu, rumbun bayanai da kansa yake ƙin karɓa, aikin ya fita lafiya kamar ya yi nasara.

Ɗan Auta:
Na fahimta, Baba, kuma na janye maganar Kafka. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Wannan dabara tana aiki ne saboda ƙarin makin da lambar duk a rumbun bayanai ɗaya suke. Imel fa? Ba za a iya saka aika imel a cikin ma'amalar PostgreSQL ba. Idan Yaya ya rubuta "an aika" kafin ya aika, ma'aikacin ya mutu a tsakani, saƙon ya ɓace har abada. Idan kuma ya aika sannan ya rubuta, ya mutu a tsakani, saƙon zai tafi sau biyu. Ashe ba mu dawo inda muka taso ba?

Tsohon Injiniya:
Tambayarka ta yi kyau, kuma amsar ita ce e, ramin yana nan, sai dai ya ƙanƙance. A da duk tsawon aikin ne yake cikin haɗari, daga fara haɗa rahoto har aikawa, yanzu kuwa ɗan taƙin da yake tsakanin amsar sabar imel da rubutun rumbun bayanai ne kawai. Abin da ya rage bayan wannan hukunci ne na mai manhaja, ba na injiniya kaɗai ba. Ga rahoton wata, mutum ya samu biyu ya fi ya rasa, saboda haka a aika sannan a rubuta. Ga abin da ya shafi cire kuɗi ba a yarda da ko ɗaya ba, shi ya sa dole ɗaya ɓangaren ya taimaka. Stripe, kamfanin karɓar biyan kuɗi, misali, yana karɓar wani maɓalli mai suna Idempotency-Key a kan buƙata, idan ka sake aiko buƙata da maɓalli ɗaya sai ya maimaita maka amsar farko maimakon ya sake cirewa, kuma yana ajiye maɓallan aƙalla awa 24. Sharaɗin shi ne maɓallin ya fito daga abin da ba ya canzawa tsakanin gwaji da gwaji, kamar lambar odar. Na ga wanda yake ƙirƙirar sabon maɓalli a cikin aikin kansa a kowane gwaji, ya kuma zauna yana mamakin abin da ya sa kariyar ba ta aiki.

Maman Sadiq:
Tunda Ɗan Auta ya buɗe wannan ƙofa, ya kamata in faɗi gaskiya a kan shawarata ta farko, domin ita ma tana da irin wannan rami. Da on_commit, ma'amala tana tabbata sannan a tura saƙo. Idan furoses ɗin ya mutu a tsakanin biyun, ko Redis bai amsa ba a wannan lokaci, rahoton yana rumbun bayanai da alamar "ana jira", amma babu saƙon da zai sa a taɓa shi. Hanyar da aka saba bi ita ce a rubuta saƙon a wani tebur na saƙonni masu fita a cikin ma'amala ɗaya da rahoton, sannan wani furoses daban ya riƙa kwashewa yana turawa dillali.

Idan kuma mutum ya kai nan, halal ne ya tambayi kansa ko yana buƙatar dillalin ma. Tun fitowar PostgreSQL 9.5 a 2016 akwai SKIP LOCKED, wanda yake ba ma'aikata da yawa damar ɗibar aiki daga tebur ɗaya ba tare da sun tsaya jiran juna ba: kowa ya kulle layin da ya ɗauka, na gaba ya tsallake shi ya ɗauki mai bi masa. MySQL ma ya samu wannan a 8.0. Ba ƙaramar shaida ba ce cewa Rails 8, takwaran Django a harshen Ruby, ya fito a 2024 da Solid Queue, mai ajiye ayyuka a rumbun bayanai, a matsayin zaɓinsa na asali. Ga manhaja irin ta Baban Ummi, wadda ban yi zaton tana haɗa dubban rahotanni a daƙiƙa ba, wannan yana rage abu ɗaya da za a riƙa kula da shi, kuma kana iya ganin layinka da tambayar SQL ta yau da kullum.

Abu Hafsa:
A nan zan ɗan saɓa wa Malama, ba a kan ingancin dabarar ba, a kan wanda zai ɗauki wahalarta. Teburin layi teburi ne da ake rubutawa, a sabunta, a goge ba hutu, kuma PostgreSQL ba ya cire tsohon layi nan take, yana barin gawarsa sai aikin shara na VACUUM ya zo. Idan akwai wata doguwar ma'amala a buɗe a ko'ina cikin rumbun, misali wani yana gudanar da babban bincike na awa biyu, sharar ba za ta iya kwashe gawarwakin da suka taru bayan farawarta ba, sai ɗaukar aiki ɗaya ya fara tafiyar hawainiya saboda yana ratsa dubban matattun layuka. Na taɓa kwana a kan irin wannan, kuma abin takaicin shi ne ciwon layin ya zama ciwon manhajar gaba ɗaya tunda rumbu ɗaya suke ci. Baban Ummi ya riga ya kafa Celery da Redis, suna aiki. Ni da zan ba shi shawara, ya bar su, ya gyara abubuwan da aka lissafa, ya kuma ƙara ɗan aiki mai zagayowa da zai nemo rahotannin da suka daɗe a "ana jira" ya sake tura su. Tunda aikin ya zama wanda maimaici ba ya cutar da shi, sake turawa ba ta da haɗari.

Abu ɗaya kawai zan roƙa a duba a Redis ɗin: kada ya zama shi ne kuma ake amfani da shi wajen ajiyar wucin gadi da saitin korar tsofaffin maɓallai idan memori ya cika, domin ranar da ya cika zai iya korar layin ayyukanka kamar kowane maɓalli. Na layi a ware shi, a sa masa noeviction, wato hana korar, a kunna rubutun AOF mai ajiye kowane rubutu a faifai. Ko da haka, da saitin rubutawa faifai duk daƙiƙa, ana iya rasa kusan daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe idan injin ya faɗi, wanda shi ne wani dalilin da ya sa mai zagayowar nan yake da amfani.

Maman Sadiq:
Ban ƙi ba. Da sabon gini ne da na tsaya a kan ra'ayina, amma rushe abin da yake tsaye domin a rage kayan aiki ɗaya ba shi ne gaggawar yau ba.

Baban Ummi:
Na gode muku ƙwarai. Akwai sauran abu ɗaya da ban ambata ba saboda na ɗauka ƙarami ne. A farkon kowane wata kusan kowa yana neman rahotonsa a rana ɗaya, kuma a ranar saƙon sauya kalmar sirri yakan yi minti ashirin bai isa ba, alhali aika shi ba ya ɗaukar daƙiƙa ɗaya.

Abu Hafsa:
Wannan ba ƙarami ba ne, domin wanda ya manta kalmar sirrinsa yana tsaye a ƙofa ne yana jira. Ka haɗa aiki mai nauyi da mara nauyi a layi ɗaya, ƙaramin yana bayan manya. Ka raba su: layi ɗaya na rahotanni da ma'aikatansa, wani na saƙonnin gaggawa da nasa ma'aikatan da ba sa taɓa rahoto ko da suna zaune ba aiki. Sannan Celery yana da ɗabi'ar ɗebo saƙonni tun kafin ya buƙace su, huɗu ga kowane ɗan ma'aikaci idan ba a canza ba. Ga gajerun ayyuka wannan yana ƙara sauri, amma ga dogaye yana sa ma'aikaci ɗaya ya rungume rahotannin da bai kai gare su ba yayin da wani yake zaune hannu rabbana. A layin rahotanni ka mayar da worker_prefetch_multiplier zuwa 1.

Tsohon Injiniya:
Zan ƙara lissafi kaɗan, domin mutane sukan ɗauka layi yana ƙara wa sabar ƙarfi, alhali jinkirta aiki kawai yake yi. Akwai ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961, cewa matsakaicin adadin abin da yake cikin tsari daidai yake da yawan shigowa a ninka da lokacin da kowanne yake ɗauka a ciki. A ce, a matsayin misali kawai, ana neman rahoto 30 a minti, kowanne yana cin daƙiƙa 40. Kenan kana buƙatar ma'aikata 20 suna aiki ba tsayawa kafin ka yi daidai da shigowa. Idan 16 gare ka, kana gama 24 a minti, shida suna taruwa duk minti, bayan awa ɗaya 360 suna jira, kuma babu saitin da zai narkar da su sai shigowar ta ragu ko ma'aikata su ƙaru. Saboda haka abin da ya kamata ƙararrawarka ta sa ido a kai shi ne shekarun aikin da ya fi daɗewa a layi, ba tsawon layin kaɗai ba, domin aiki dubu masu sauri ba matsala ba ne, aiki goma da suka yi awa ɗaya kuwa matsala ce.

Kuma layi ya kamata ya kasance da iyaka. Idan ya cika, gara ka amsa da 429 ko 503 tare da Retry-After, ka gaya wa mutum ya dawo anjima, da ka karɓi aikin da ka san ba za ka gama ba sai gobe. Wanda ka karɓa kuma ka amsa masa da 202, wato an karɓa ba a gama ba, ka ba shi adireshin da zai duba matsayin rahotonsa. Mafi yawan danne-dannen maɓalli sau biyar daga rashin wannan suke fitowa, mutum bai ga alamar komai ba sai ya sake dannawa.

Ɗan Auta:
Game da sake gwaji idan sabar imel ta ƙi amsawa, sau nawa ya dace? Na ga Sidekiq, takwaran Celery a harshen Ruby, yana gwadawa har sau 25, abin da yake ɗaukar kusan mako uku, sai na ga kamar ya yi yawa.

Maman Sadiq:
Ya danganta da ko aikin yana da sauran amfani bayan wannan lokaci. Rahoton wata yana da amfani bayan kwana biyu, saƙon sauya kalmar sirri kuwa bayan awa ɗaya ya zama shara, har ma yana rikitar da wanda ya same shi. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne tazarar ta riƙa ninkuwa, a kuma yayyafa mata ɗan bambancin lokaci marar tsari, domin idan ayyuka dubu suka faɗi a daƙiƙa ɗaya kuma duk suka dawo a daƙiƙa ɗaya, sabar da take ƙoƙarin farfaɗowa za su sake kayar da ita. Sannan a bambance kuskuren da jira yake warkarwa da wanda ba ya warkewa: yankewar haɗi a sake gwadawa, adireshin imel da ba shi da inganci kuwa ko sau ɗari aka gwada haka zai kasance. Waɗanda suka ƙare gwajinsu a ajiye su a gefe inda mutum zai gan su, kamar yadda Sidekiq yake da wurin matattun ayyuka, RabbitMQ da SQS ma suke da nasu. Sai dai wurin ba shi da amfani idan babu wanda aka ɗora wa alhakin leƙa shi.

Baban Ummi:
Na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Na mayar da turawa cikin on_commit, kuskuren rashin ganin rahoto bai sake fitowa ba. Tunatarwa ta koma tebur. Na raba layi biyu, na kunna acks_late a na rahotanni, aikin kuma yanzu yana duba matsayin rahoton kafin ya fara, idan "an aika" ne ya fita. Na gwada kashe ma'aikaci da hannuna a tsakiyar aiki, rahoton ya dawo ya kammala, sai dai ya jira awa ɗaya cur kafin Redis ya sake miƙa shi. Tunda yanzu babu aikin da yake jiran awa uku a dillali, zan iya rage wa'adin ɓoyewar zuwa minti biyar?

Abu Hafsa:
Za ka iya ragewa, amma ka auna da rahotonka mafi tsawo a ranar farkon wata, ba na ranar da sabar take hutawa ba, kuma ka haɗa da lokacin da saƙo yake zaune a hannun ma'aikaci kafin a fara shi da kuma tazarar sake gwaji mafi tsawo, domin ita ma a matsayin aikin da aka jinkirta take tafiya. Idan wa'adin ya gaza wannan, za a miƙa rahoton ga ma'aikaci na biyu alhali na farko yana tsakiyar aiki, su biyun su duba su ga ba a aika ba tukuna, su biyun su aika. Duba matsayi kaɗai ba ya hana wannan. Ka sa aikin ya karɓi rahoton da umarnin sabuntawa guda ɗaya mai sharaɗi, wato ya mayar da shi "ana aiki" tare da lokacin karɓa idan har yana "ana jira" ko karɓar baya ta tsufa, sannan ya duba ko layi ɗaya ya canza kafin ya ci gaba. Ka kuma sa wa aikin iyakar lokaci ta Celery da ta gaza wa'adin ɓoyewar, ka sa saitin iri ɗaya a duk ma'aikatan da suke amfani da wannan Redis ɗin, domin idan sun bambanta mafi gajarta ne zai yi aiki. Ka turo mana tsawon rahoton da ya fi daɗewa bayan ɗaya ga wata, sai mu tsayar da adadin.